Karen da Inna Za Ta Iya Rufe wa Baki

Yaya Halliru,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya su Muzdalifa? Ni lafiya lau a nan Ingila. Digirina ya samo mini aikin zagayawa da karnukan wata tsohuwa, masu sa riga kamar jarirai.

Ka ce in ba ka shawara kan ƙaton karen gadi. Yaya, kare ba ya tare 'yan bindiga. Ranar da kuka ɓuya cikin dawa, haushinsa ne zai nuna inda kuke. In dole ne, nemi ƙarami, wanda Inna za ta rufe wa baki da hannu ɗaya.

Iyakar abin da karatun bokona ya iya ke nan. Allah ya tsare garinmu Nahuce.

Ƙanwarka,
Sa'adatu