Fim Ɗin Ajuma a Yamai

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga ƴata Firdausi, a Tibiri.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin innarki? Allah ya ƙara sauƙi. Kin san kunnena ba ya shiri da waya, shi ya sa zan riƙa ba Ma'azu direba takarda ya kawo miki.

Na iso bikin fina-finan lafiya, in ban da gwiwa. Sun rataya mini kati a wuya wai ɗan jarida, ni da shirina bai wuce rediyon Dogon Dutsi ba. A cikin zauren kam ina ji sarai, don lasifikarsu ko kurma sai ya ji ta.

Fim na farko daga wata ƙasar ƙanƙara ya zo. Miji da mata suna cin abinci, ba mai ce wa wani uffan. A nuna taga, a nuna cokali. Na yi gyangyaɗi na farka, ba su gama ba. Wani saurayi kusa da ni ya ce wai shirun shi ne ma'anar. Na ce masa ni shiru ina da shi a gida, ba shi na shigo mota nema ba. Na biyu na Koriya ne, wata mai wanki a otel da ɗanta ya ɓata. Hotonsa ya yi kyau, matar kuma ta iya kuka ba hawaye, amma fassarar faransancin da ke ƙasan allo ta fi idona gudu.

Naki fim ɗin gobe za a nuna. Ki gaida ƴar'uwata Ajuma, ki ce mata Habu yana nan yana barci a gaban Turawa.

Kawunki,
Habu

Tibiri, ranar Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan gajiya ta bi lafiya. Na karanta wa Inna takardarka. Tana nan yadda ka bar ta, ɓarin dama bai motsa ba, magana ba ta dawo ba. Kunu take sha, shi ma sai da lallashi. Likitan Dutsi ya ce haƙuri. Kowa haƙuri yake cewa, sannan ya tafi gidansa, ni ce mai juya ta.

Yau da hantsi ina wanke zannuwanta na tuna yanzu haka ana nuna ta a Yamai, tana jan guga da hannun nan da ya mutu. Shekara biyu na yi ina bin ta da matan rijiya da kamara, ga shi ranar ta zo ina tsugune gaban baho.

Kawu, an ba ni aikin koyarwa a Matankari, suna jiran amsata. In fim ɗin bai yi ba ka faɗa mini kai tsaye, in ajiye kamara in huta. Kai ka fara kai ni kallo, maganarka nake jira.

Ƴarka,
Firdausi

Yamai, ranar Alhamis

Ƴata Firdausi,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada.

Jiya na ga fim ɗin da ya biya ni wahalar hanya. Daga Barazil yake. Wata tsohuwa ce mai sayar da kifi, hukuma na so ta tashe su daga bakin ruwa. Bakinta ba ya rufuwa. Ta zagi ɗan sanda, ta zagi mijinta da ya mutu, ta zagi kifin da take ferewa. Ba na jin yarensu, amma na daina karanta fassarar, don na san irin matar nan. Labarin ya yi rauni a ƙarshe, ita ce ta riƙe shi. Akwai kuma na Indiya, wa da ƙane suna shari'a a kan iccen mangwaro. Ya yi tsawo ƙwarai, kuran ma, wato lantarki, ya ɗauke a tsakiya, ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Na gaji, Firdausi. Kujerun nan ba don tsofaffi aka yi su ba. An nuna naki. In na dawo ma yi magana.

Kawunki,
Habu

Tibiri, ranar Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa. Mus'ab, wanda muka yi karatu tare, ya kira ni. Ya ce zauren ya cika, an yi tafi, wata Baturiya har da share hawaye, kuma alƙalai sun yaba. To me ya sa kai ka cika mini takarda da mai kifin Barazil da iccen mangwaro, nawa ka ba shi layi guda? Ban yi barcin kirki ba tun da ka tafi. In ka ƙi shi ne ka ce ka ƙi shi. Ni ba yarinya ba ce.

Ƴarka,
Firdausi

Yamai, ranar Asabar

Ƴata,

Bayan gaisuwa. Abin da Mus'ab ya faɗa miki gaskiya ne. An yi tafi, za su ba ki takardar yabo, ni zan karɓo. Kin iya ɗaukar hoto. Inda igiya ke cin bakin rijiya, da ƙafafun matan cikin taɓo, ba wanda ya fi ki a duk abin da na gani a nan.

Amma ban ga Ajuma ba. Na ga wata mata mai fuskarta tana jan ruwa a hankali, an ɗora mata gurmi mai ban tausayi, tana duban nesa. Yaushe Ajuma ta taɓa duban nesa? Matar da in tana bakin rijiya ana jin ta daga kasuwa, wadda ta sa wa kowane jaki sunan wani babban mutum a garin? Sau biyu ta buɗe baki za ta yi magana, sau biyu kika yanke. Bayan an tashi, Baturiyar nan ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa ganin mace mai haƙuri da shiru irin wannan ba. Na ce mata na gode.

Na san a wajen horon da kuka yi an ce muku surutu ba ya tafiya ƙasashen waje. Ga ta Barazil ta zo har Yamai da bakinta. Ciwo ya riga ya karɓe wa ƴar'uwata magana, sai na zo nan na tarar da ita a allo ba ta da ita. Abin da ya hana ni rubutawa ke nan.

Kada ki ajiye kamara saboda ni. Zancen Matankari kuma naki ne. Gobe zan ga na rufewa, ko da yake ban da sauran ido.

Kawunki mai ƙaunarki,
Habu

Tibiri, ranar Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi fushi da kai wuni guda, sannan na buɗe ordinatar, wato kwamfuta. Duk abin da na yanke yana nan, ban goge ba. Na ɗora shi a kan tabarma gaban Inna na kunna mata wurin da take yi wa mai gari tatas a kan igiyar da ya yi alkawari. Muryarta ta cika ɗakin har maƙwabta suka leƙo.

Gefen bakinta mai rai ya yi ta rawa, idonta ya kawo ruwa. Da na kai hannu zan kashe, sai ta riƙe ni da hannun hagu. Ban sani ba ko dariya take yi ko kuka.

Ban ba Matankari amsa ba tukuna. Ka biyo ta Tibiri kafin ka wuce gida, ka zo ka duba mini fuskarta. Ka riga ni saninta.

Ƴarka,
Firdausi