Sun Ce Kalangun Mahaifina Ne Ke Kiran Ɗana

Mma Sanatu, ki taimake ni kafin Asabar. Ranar ce yayana Azindoo zai zo daga Kumbungu ya tafi da ɗana, ni kuwa na rantse ba za a fita da shi ta ƙofata ba.

Ni 'yar makaɗi ce. Kin san dokar gidanmu, duk inda 'yar makaɗi ta yi aure sai ta mayar da ɗa guda gidan ubanta ya rataya kalangu. Ni na ƙi. Wumbei kaɗai Allah ya ba ni namiji, ga shi da ƙwaƙwalwa, na ce boko zai yi. Da abincin wasawasa da nake sayarwa a bakin tasha na kai shi har kwalejin fasaha. Shekararsa ashirin yanzu.

Tun bayan ƙaramar salla ya canja. Yaron da ke wanka sau biyu a rana ya ƙi ruwa. Ya daina zuwa aji, ya lulluɓe rediyona da zane wai masu labarai da shi suke. Yana dariya shi kaɗai, ya ce wasu maza biyu ne ke zaginsa a kunne. Jiya ya ture tuwon da na tuƙa da hannuna, wai na sa masa wani abu. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Azindoo ya ce ba wani ciwo, kalangu ne ke bin haƙƙinsa. Wai haka ya yi wa baffanmu Neindoo da ya gudu Kumasi, haka ya yi wa ɗan gwaggonmu. Har yana ce min, to uwar 'yan boko, sai ki dafa takardar ki ba shi ya sha. Ni asibiti zan kai Wumbei ko sama da ƙasa za su haɗu, amma zuciyata na ta tambayata ko ni na jawo masa. Ubansa ya rasu, ba mai tsaya min. Ki gaya min gaskiya komai ɗacinta.

'Yar Makaɗi, Tamale

'Yar'uwa, share hawayenki, ba ke kika jawo ba.

Ba zan sa wa ciwo suna ta wasiƙa ba, wannan aikin likita ne. Amma jin muryoyi, zargin na kusa, ƙin wanka da guje wa mutane alamu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, kuma a irin shekarun Wumbei suka fi ɓullowa. Abin kan bi jini. Damuwa mai tsanani kan tayar da shi, wiwi da ƙwayoyi ma haka, wani lokaci kuma wata cuta ce dabam a jiki. Shi ya sa za su auna jini da fitsari, su yi ta tambayoyi kafin su yanke magana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Kada ki jira Asabar, gobe ki kai shi. Ki tuna yaushe kowane abu ya fara, ki faɗa wa likita duka. Kada ki yi masa musu kan muryoyin, shi da gaske yake jinsu, ki ce dai kin ga yana wahala, kuna neman abin da zai kwantar masa da hankali. In ya ambaci illata kansa, a tafi asibiti a lokacin.

Azindoo kuma ba maƙiyinki ba ne, bakinsa ne da kaifi, tsoro ke cinsa kamar ke. Kira shi yau, ki ba shi girmansa, ki ce a matsayinsa na uba ya raka ku. Labarin baffa Neindoo da ɗan gwaggonku da yake miki gori da shi, shi likita zai fi son ji, domin yana son sanin wa ya taɓa irin wannan a dangi. Sai dai ko da wasa kada ki yarda da ɗauri ko duka.

In Allah ya kawo sauƙi, kiɗa bai hana shan magani, boko ma bai hana kiɗa. Amma wannan karon Wumbei za a tambaya abin da yake so, don ke da yayanki kun shekara ashirin kuna ja a kansa ba wanda ya tambaye shi. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki ƙarfin zuciya.

Mma Sanatu