Kular Dambu

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ban yafe ba. Ke Mufeeda, da ke nake.

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma ogan Mufeeda a talabijin, a tsaye a majalisa yana ɗaga murya wai Scotland ta gaji, a ba su ƙasarsu. Shi ne shugaban 'yan jam'iyyarsu a majalisar Westminster, 'yata kuma ke tsara masa takardu. Na sha wahala ta yi digiri don ta riƙe jakar mai son raba ƙasa. Sunansa ma ba zai shiga littafina ba.

Kawu Issahaku ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Har kakata ta rasu tana ajiye masa tuwo. Wannan mutumin ya san raba ƙasa? Hannu a aljihu yake faɗarta.

Laraba, 8 ga Oktoba

La'asar da magariba a haɗe Mufeeda ta yi su. Na ce ogan naki zai amsa miki tambayar kabari? Ta mayar min da Turanci. In ba ta da gaskiya, Turanci.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Sun sauke shi daga shugabanci! 'Yan jam'iyyarsa da kansu. Alhamdulillahi.

Talata, 21 ga Oktoba

Murna ta koma ciki. Zai tattara ya koma mazaɓarsa, can gaba da Glasgow. Ma'aikatansa duk sun bi sabon shugaba, saura ita. Wai za ta je ta riƙe masa ofis a can. Na ce sai bayan raina.

"Mama, ke kika koya min ba a gudun mutum ranar da ya faɗi."

Na ce mutum na ce, ba ɗan siyasa ba.

Na tambaya wa ya je masa jaje. Babu. Wai saƙo suke turawa ta waya. Allah wadai. Na yi dambu na cika kula na ba ta ta kai. Ba don shi ba. Kar a ce gidan da ta fito ba a san ya kamata ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ya zo har gidana a unguwar Abbey Wood. Shi kaɗai, a jirgin ƙasa, rungume da kulata. Ya miƙo hannu, na kalle shi, ya mayar. Takalmi dai ya cire ba a ce masa ba.

Kular da nauyi. Biskit ne matarsa ta gasa. Wai Mufeeda ta taɓa gaya masa a wajenmu ba a mayar da kwano wayam. Ashe tana maganar gida a can.

Na ba shi labarin Kawu, ban rage komai ba. Na zaci dogon Turancin majalisa zai yi min. Sai ya tambayi sunan, ya maimaita, ya karya shi. Ya ce shi da ƙuri'a yake nema, ba bindiga ba. Na ce kowa da baki yake farawa. Bai musa ba, bai kuma janye ba. Taurin kai.

A bakin ƙofa ya ce in ban yarda ba, ba zai ɗauke ta ba. Ya bar ni da idon Mufeeda. Makirci irin nasu.

Biskit ɗin kamar dusa.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Mufeeda ta tafi da safe, ban hana ba. Na sa mata rigunan sanyi, yaji, da dadduma mai kauri. Mutumin har yanzu ba shi da gaskiya, kuma ina roƙon Allah kar ƙasar tasa ta ɓalle. Biskit ya ƙare. Da shayi ba laifi.

Na cika kular da dambu, na gaya mata dokar gidan nan daga yau: ba a aiko kular ta hannun kowa. Ita da kanta za ta dawo da ita ƙarshen kowane wata, kuma ba wayam ba.