Abin da Ya Tsiro a Bangon Marigayi

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfin kaina.

Wata biyar ke nan da rasuwar mijina. Sana'arsa noman naman ƙasa, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. A ɗakin bayan gida yake yi, cikin ledojin garin katako, yana kai wa otal-otal. Mahaifiyarsa da muke zaune tare tana da ciwon sukari, likita ya ce abincin ya dace da ita, kullum kuwa da hannunsa yake tsinko mata.

Da ya rasu na ƙone ledojin, na wanke ɗakin tas, na kulle. Makon jiya da rana tsaka na tarar da ƙofar a buɗe. Abin ya tsiro a jikin bango, fari fat, ba ko'ina ba sai inda yake jingina bayansa in ya gaji. Daidai faɗin kafaɗunsa, Anti. Na kankare, kwana uku ya dawo.

Ashe Inna ce, mahaifiyar tasa, ta ɗauki makullin. Tana tsinka ta dafa, wai ɗanta bai manta da ita ba. Nakan ji ta a ciki tana hira, ta yi shiru kamar mai sauraro, sannan ta yi dariya. Jiya ta ajiye mini nawa kwanon, wai shi ya ce na rame. Ban ci ba, na kuma kasa zubarwa.

Matar marigayi

Ƙanwata, Allah ya jiƙansa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ƙwayar irin wannan tsiro kamar ƙura ce da ido ba ya gani, takan maƙale a bango mai danshi. Abin tsoron shi ne ba ki da tabbacin wanda ya fito yanzu na ci ne, kuma wasu guba ne. Ki zubar da kwanon nan yau. Kada Inna ta ƙara ci sai masanin noma ya duba, likitanta ma ya sani.

Kada ki yi mata faɗa. Ke kin kulle ɗakin don ki samu sauƙin zuciya, ita kuwa nan ne kaɗai ya rage mata na ɗanta. Ki sa a gyara bangon, ki samo iri mai kyau ku shuka tare. In za ta shiga, ki bi ta, ku yi masa addu'a. Hirar da take yi da bango, ki bari ta yi da ke.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Inna lafiya.