Gidan Kantanshi Ya Bar Sunana

Mufulira, Zambiya.

Zuwa ga ƙanwata Lombe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da aikin jinya a can Durban. Allah ya ƙara miki ƙarfin ƙafa. Mu nan ƙalau muke. 'Yata Nkole ta shiga sakandare, ƙaninta Chisha kuwa har yanzu ƙwallo ya fi littafi daraja a wurinsa. Ni dai gwiwa ce ke tuna mini shekaruna kullum.

Kin san ban saba aiko da labari mai daɗi ba. Mutumin da ya yi karatun awon ƙasa, ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin tagulla, aka sallame shi da agogon bango, ba shi da yawan abin dariya. Amma wannan karon ki gyara zama.

Ba ki manta ranar da aka binne Baba ba. 'Ya'yan 'yar'uwarsa suka zo suka ce su ne magada, suka kwashe komai, har keken ɗinkin Mama da ƙofar ɗakinmu. Da buhu muka rufe ƙofa a daminar nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ni ga yara biyu, uwarsu Mwaba ba matata ba ce a coci ko a gargajiyance, kuma bisa al'adarmu ɗanki Bwembya ne magajina. Shi ya sa na je wurin wata lauya. Ta ce tun ina raye zan iya cire gidana na unguwar Kantanshi daga sunana in sa shi amana: in zauna a ciki har in mutu, bayana kuma ya zama na yaran, ba mai sayarwa sai Chisha ya girma. Sai dai ana bukatar amintaccen da zai riƙe tare da ni, ya ci gaba bayan ba ni.

Na daɗe ina juya maganar, sannan na kira Bwembya da kansa. Na ce in zai fito da farce, gara ya fito ina gani. Mwaba ta tuƙa nshima, tuwonmu na masara, da miyar ƙananan kifin nan kapenta, na bari ya ƙoshi, na karanta masa komai da muryar alƙali. Yaron nan ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce kawu, da ma tsoronsa kada a bar masa rufi mai yoyo da tulin littattafan da gara ta cinye rabi, ga baƙin halin mai gidan a matsayin gyara. Daga nan ya daina wasa. Ya ce kin koya masa cewa magaji uban marayu ne, waɗanda suka cire mana ƙofa rabin al'adar kawai suka haddace. Ya sa hannu a gaban lauya a matsayin amintaccen, washegari ya dawo da kwano sabo ya hau rufin. Ni da na rantse mutanen kirki sun ƙare, sai ga ɗaya a kan gidana yana ce mini in matsa kada ƙusa ta faɗo mini a sanƙo.

Kada ki ɗauka na hana ɗanki gado. Ke kika raine shi har ya fi ƙarfin gadon.

Saura ɗaya. Shekara da shekaru Mwaba tana ƙin aurena, don danginmu sun ce gida ta biyo. Da muka fito daga wurin lauya ta tambaye ni ko da gaske yanzu ko bulo ɗaya ba ni da shi. Na ce haka ne. Ta ce to, tsoho, tunda ka zama ɗan haya a gidan 'ya'yanta, ka aiko da mutanenka. Ki nemi hutu a watan Agusta, Lombe, ke ce mutanen nawa.

Ki gaishe da maigidanki Musonda da autarki Kasuba. Nkole da Chisha suna gaishe da gwaggonsu, amaryar ma ta ce in gaishe ki.

Yayanki wanda ba shi da komai,
Kangwa