Ranar Asabar Za a Raba Littattafanka

Zuwa ga aminina Habu,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu motar da ke lodin inda kake, ko da akwai kuwa, kai ka gama karatun duniya. Amma ka san halina: in magana ta tsaya mini a wuya sai na rubuta ta, kai ne kuma kullum mai fara karantawa. Ka yi haƙuri da ni.

Malam Liman ya sa ranar Asabar mai zuwa don rabon gadonka. Littattafan zaure suna cikin abin da za a raba.

Bari in fara ba ka labarin gida. An yi sadakar arba'in lafiya. Maman Nura tana cikin takaba, ta rame, amma tana taɓa abinci. Geron gonarka ta bayan gari ya yi kyau, Nura ya zo daga Dutse ya tsaya an yanke. Riɗin ne ruwa ya kwanta a kansa, ba a samu na kirki ba. Jar akuyar nan da ta taɓa cinye maka taswirar Afirka ta haifi biyu. Bilkisu ta koma jami'a a Kafin Hausa bayan an sha lallashi. Rabi tana ɗakin mijinta, cikinta ya tsufa. Su Hassan da Usaini kuwa, har yau in suka ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai su fito da gudu. Gona da gida da dabbobi duk an daidaita a kansu, babu wanda ya ɗaga murya. Ka bar 'ya'ya na gari, Habu. Za ka ga yadda wannan ya zame mini matsala.

Zauren yana kulle tun ranar da muka kai ka. Baffa Idi, ƙaninka, shi ya sa kwaɗo, ya ce kayan mamaci amana ne har a raba. Gaskiyarsa ce. Amma babu wanda ya gaya wa yaran Aujara. Alhamis da Juma'a, da yake babu makarantar allo, har yanzu suna zuwa kamar yadda ka saba musu. Na gan su da idona makon jiya. Sun jera takalmansu a bakin ƙofa, a ƙofar da ba za ta buɗe ba, sun zauna gindin darbejiya. Wasu suna leƙe ta tsagar taga. Da rana ta yi zafi suka sa takalmansu suka watse. Ba su yi kuka ba, ba su tambayi kowa komai ba. A aikina na jarida na ɗauko labarin ambaliya, na ɗauko na haɗarin mota, ban taɓa ganin abin da ya sa na kasa riƙe biro kamar waɗannan takalma ba.

Ka san abin da ke kan kantocin nan fiye da ni. Rabin rayuwarka kana koyar da kimiyya, duk sanda ka shiga Kano sai ka dawo da buhun littattafan yara na gwanjo a bayan mota, mutane suna zaton kayan Salla ne. Na taurari da husufin wata. Na wutar lantarki da mayen ƙarfe. Na dutse mai aman wuta. Na tarihin Mali da Borno, na yadda aka shimfiɗa layin dogo, na mutanen da suka yi zane a jikin duwatsu tun kafin a san takarda. Yawancinsu da Turanci suke, yaranmu kuwa hoton kawai suke kallo. Shi ya sa ka ɗauki fensir ka bi su layi-layi, ƙarƙashin kowane layin Turanci ka sa Hausarsa da ƙananan haruffan nan naka masu karkata. Shekara da shekaru kana wannan, har idonka ya nemi tabarau. Littafin gwanjo ana iya sake samu a kasuwa. Fensirinka fa, a wace kasuwa zan same shi?

Ka tuna matar nan da ta zo ƙorafi bayan 'yarta ta karanta na ƙwayoyin cuta? Ta tsaya a bakin zaure tana cewa, “Malam, ka mayar mini da 'ya likita, ta hana mu ruwan kududdufi sai an tafasa. To itacen, kai za ka riƙa saya?” Ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka. Washegari ka aika mata da damin kara. Ka tuna fankar da yara suka haɗa da karan dawa da injin tsohuwar rediyo, suka kafa wa Malam Liman ita a gabansa, ya ce wannan iska ta fi ta mahuci albarka?

Yanzu ga abin da ya faru. Ranar Lahadi Baffa Idi ya buɗe zauren don gwajin rabo, aka kira ni a matsayin aminin mamaci. An shimfiɗa tabarmi. Babu wanda ya san yadda ake yi wa littafin yara kima, sai aka yanke a bi kauri. Aka riƙa tara su kashi-kashi kamar albasa a kasuwar Gujungu, ana aunawa da tafin hannu: a fitar da tumunin Maman Nura, namiji kashi biyu, mace ɗaya. An yi adalci, Habu, adalci tsantsa. Jerin nan na jikin ɗan Adam, na zuciya ya faɗa kashin Nura, na huhu na Rabi, na ƙwaƙwalwa na 'yan biyu. Tarihin jirgin ƙasa, kashi na farko zai tafi Dutse, na biyu Kafin Hausa. Ina tsaye ina kallo ana fiɗar ka a hankali, da bisimilla.

Na ja Nura gefe na ce zan sayi rabon kowa in mayar kan kanta. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, “Haba Baffa Yakubu, rubutun Baba zan sayar?” Yana so ya sa nasa a kabad mai gilashi a falonsa. Rabi tana so ta ajiye wa abin da za ta haifa. Bilkisu ta ce nata a ƙarƙashin matashi za su kwana. Na 'yan biyu Baffa Idi zai kulle a adaka sai sun balaga, don hakkin maraya ba a wasa da shi. Da kwaɗayi ne, da na san yadda zan ɓullo masa. Mai kwaɗayi yana da farashi. Amma ƙauna ce za ta raba ɗakin karatunka, wa zan kai ƙara? Kowa zai rungume nasa ya rufe, babu yaron da zai sake buɗewa. Gara ce kaɗai za ta karanta su daga farko har ƙarshe.

Sai na faɗi abin da na ji daga bakinka. Ka tuna ranar, kakar bara ce, bayan la'asar, muna zaune gindin darbejiyar nan muna cin gyaɗa, ni da kai da Baba Hedimasta, tsohon malaminmu, da ya zo daga Taura duba jikinka. Ka nuna zaure da haɓa ka ce, “Ku shaida, littattafan nan na yaran garin nan ne. Na ba su don Allah, ba gadon kowa ba ne.” Na ce to ka rubuta mana. Ka ce, “Ku 'yan jarida komai sai takarda. Ba ga ku nan ku biyu ba?” Baba Hedimasta ya ce ya shaida, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Ni kuma na sauya magana, na koma kan farashin taki. Ka san dalili? Na ga yadda wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na ji tsoron in na ɗauko takarda, na yarda ke nan za ka tafi.

Malam Liman ya saurare ni har na gama. Ya ce bai tuhumi gaskiyata ba, kuma in maganar ta tabbata, littattafan waƙafi ne, su fita daga gado, su zauna inda suke. Amma akwai marayu ƙanana a cikin magada, ba zai cire musu ko shafi ɗaya da bakin mutum ɗaya ba. A kawo shaida na biyu. Nura ma ya rantse in har ka faɗa, ba zai taɓa ko bango ba, ya kuma ƙara da cewa, “Sai dai, Baffa, kai kaɗai ka ji.”

Me zan ce masa? Duk yaron da ya zo koyon aiki a ofishinmu, abin da nake fara gaya masa ke nan: majiya ɗaya ba labari ba ce, je ka samo ta biyu. Na jefar da labarai masu daɗi a kwandon shara saboda wannan ƙa'ida, ban taɓa nadama ba. Kai kanka ka sha tsokanata, wai ko an ce mini rana ta fito sai na tambayi mutum biyu. Yau ni ne majiya ɗayar. Na san gaskiya ce, na ji da kunnena, kuma da ni ne Malam Liman, abin da ya yi shi zan yi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ba ka san abin da ya sami Baba Hedimasta ba, don kana asibiti aka ɓoye maka. Farkon damina ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya karkace, magana ta ɗauke. Na hau mota na tafi Taura ranar Litinin. Na iske shi kwance a tabarma, mutumin da muryarsa kaɗai ke sa makaranta guda ta yi tsit. Na durƙusa na gaishe shi, na maimaita masa maganarka kalma-kalma. Ya kafe ni da ido. Laɓɓansa suka yi ta motsi, abin da ya fito iska ce kawai. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya. Matarsa, Inna Hajara, ta ce, “Yana jin ka sarai, ɗan nan, bakin ne ya ƙi.” Na tambaye shi ko ya tuna, ya ɗaga hannun hagu. Na yi murna. Sai ɗan jaridan da ke cikina ya ce gwada shi. Na tambaye shi ko yau Juma'a ce, ya sake ɗaga hannun. Ka gani? Ni da kaina na rushe shaidata. Na gaya wa Malam Liman duka biyun, don ba zan gina waƙafinka a kan ƙarya ba, ko da zan iya.

Tun daga nan na rasa inda zan sa kaina. Na yi tunanin in rubuta labarin a jarida, amma wa zan kunyata, 'ya'yanka? Na yi tunanin in roƙi a bar ni in ɗauki hoton kowane shafi da waya. Fensirinka ya dushe, a hoto ba ya fita, kuma yaron da ke zuwa ba takalmi mai kyau, wayar wa zai karanta? Na yi tunanin in ce na ji ka faɗa a gaban wani daban. Na yi istigfari. Me ya sa ba ka faɗa a masallaci ba, Habu? Me ya sa ba ka gaya wa Maman Nura ba? Kai da ka fassara wa yara nisan da ke tsakanin duniya da wata, layi ɗaya na wasiyya ya gagare ka?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina yi maka dariya ina kiran su littattafan goyo, kana zaton shayi da hira ke kawo ni Aujara. In ka shiga gida, ɗauka nake ina karantawa. Na yi shekaru ina rubuta labarin ambaliya, amma a ƙaramin littafinka mai hoton gajimare na fara gane yadda ruwan da ya sauka a wata ƙasa mai nisa yake zuwa ya rushe katangar mutumin Jigawa. Na karanta manyan littattafai da yawa, ka sani. Babu wanda ya yi mini bayani kamar fensirinka. Cikin yaran da ke jiran a buɗe zauren nan akwai wani mai furfura, shi ne yake rubuta maka wannan. Na so in faɗa maka kana da rai, girman kai irin namu na maza ya hana.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka gwargwadon hasken da ka kunna a zauren nan. In littattafan suka watse, ka yafe mini. Ban bar ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.

Da safiyar yau ɗan Baba Hedimasta ya bugo mini waya. Ya ce jiya tsohon ya ce “ruwa”, an ji sarai, ya kuma kira sunan Inna Hajara. Malam Liman ya ce in haka ne, zai bi ni Taura ranar Juma'a bayan an sauko. Sai dai ɗan Baba Hedimastan ba ya gida lokacin da abin ya faru, ƙanwarsa ce ta gaya masa. Gobe zan je in ji da kunnena. Ban tabbatar ba tukuna.

Sai mun zo.

Amininka, shaidarka na farko,
Yakubu, daga Dutse