Kada Ku Yanka Gonar Albasa

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Sabriyya 'yar Hifni, ta ƙauyenmu da ke yamma da garin Girga. Ina faɗa, limamin unguwa yana rubutawa. Ƙafafuna sun daina ɗaukata, numfashi ma sai na nemo shi, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya sa ni. Zuwa gare ku 'ya'yana, Hammam da Rifa'i da Wahiba. Gado Allah ya riga ya raba, ba zan sa baki ba. Ba a bina bashi. Abin da ya rage roƙon uwa ne.

Na ɗaya, gona. Kada ku yanka ta. A hannun kakana sai jaki ya gaji kafin ya kai ƙarshenta. Aka raba wa 'ya'yansa, aka sake raba wa jikoki, har ta zo gare ni ina iya kiran mahaifinku daga wannan gefe ya amsa daga wancan ba tare da na ɗaga murya ba. Mu muna ƙaruwa, ita tana nan yadda take. In kun sake tsaga ta, ba wanda rabonsa zai ciyar da shi. Hammam ya noma, a raba amfanin bisa shari'a.

Na biyu, injin ban ruwa ya zauna tare da gonar. Mu ne a ƙarshen magudana, sai na sama sun ƙoshi sannan ruwa yake isowa gare mu, kuma kowace shekara yana ƙara makara. Hammam, na san zuciyarka. Kada ka ɗauki sanda a kan ruwa. Wanda ya tare shi ma shukarsa ce take ƙonewa.

Na uku shi ne ya hana ni barci: gabar da ke tsakaninku da Shahata, mijin Wahiba.

Kun tuna shekarar da albasa ta yi tsada, har matan birni suna sayen ƙwaya ɗaya a raba ta kwana biyu. Manyan motoci suka cika ƙauyen, dillalai suna bin mutum har ƙofar masallaci. Mu kuwa alkama muka shuka, muka zauna muna kallon maƙwabta suna ɗora bene. Rifa'i ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, mu kaɗai za mu mutu a kan alkama? Jakin maƙwabcinmu Hajji ma ya fi mu sanin kasuwa!" Na yi dariya, na cire 'yan kunnena na zinariya, aka sayo iri da taki.

Abin da muka gani, kowa ya gani. Daga bakin kogi har gindin dutse ba abin da aka shuka sai albasa. Allah kuma ya sa ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Masu ɗiba zuwa waje suka sami mai araha a wata ƙasa, motoci suka ɗauke ƙafa. Shahata dillali ne, sai kuka kira shi. Ya zo ya tsaya kan tarin, ya faɗi farashin da bai kai kuɗin buhu da na mota ba. Rifa'i ya ce, "Kai surukinmu ne ko ungulu?" Shahata ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, ko kyauta ka ba ni, ban san inda zan kai ta ba." Hammam ya nuna masa ƙofa. Muka rufe albasar da kara muna jiran kasuwa ta tashi. Zafi ya riga kasuwar. Warin har cikin ɗakin girki, da hannuna na taya ku zubar da ita.

Tun daga ranar nan Wahiba take shigowa gidan uwarta ta ƙofar baya. Ku ji ni: ba Shahata ne ya yanka farashin ba. Na yi shekaru ina kai cuku da ƙwai kasuwar Talata, ban taɓa ganin fuskar mai yanka shi ba. In kaya sun yi yawa sai su wulaƙanta, in sun yi kaɗan sai mai saye ya wulaƙanta. Hammam, ka je gidansa ka sha shayinsa. Ka shiga ta ƙofar gaba, da rana, mutane su gani.

Na huɗu, kun tambaye ni abin da za a shuka bana. Ban sani ba. Na ji albasa ta sake tsada saboda kowa ya guje ta, na kuma san kowa zai koma mata. In kun bi su ku faɗi tare, in kun ƙi ku zauna kuna kallo. Na juya maganar ta kowace fuska ban sami ƙofa ba. Abu ɗaya na iya: ku bar gefe ɗaya na alkama. Ita ko ba mai saye, tanderu zai karɓa.

Na biyar, Rifa'i. Tun da ka tafi Libiya kana ɗaukar bulo, ban ce maka ka dawo ba, don ba ni da abin da zan tare ka da shi. Yanzu ma ba ni da shi. Amma kada ka hau kwalekwalen nan na teku. Duk abin da aka yi maka alkawari a wancan gefe, kada ka hau.

Na shida, kada a sayar da saniya don ciyar da masu gaisuwa. Shayi ya ishe su. Nonon na jikokina ne, na gidan Hammam da na gidan Wahiba, ba bambanci.

Na so in bar muku abin da kasuwa ba za ta iya taɓawa ba. Na duba gidan nan kaf, ban ga komai ba sai ku ukun. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya sa ku gama da duniya lafiya. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ranar da za a ɗauke ni, Shahata ya kama makara tare da Hammam. In Rifa'i bai iso ba, a jira shi a kan tabarmar gaisuwa, kada a naɗe ta sai ya zo.